Wai Jariri Bai San Zafi Ba: Nazarin Yadda Hujjar Bincike Ta Makara a Hanyar Ɗakin Jarirai

A watan Fabrairun 1985 aka haifi Jeffrey Lawson a Amurka. Bakwaini ne, cikinsa bai wuce mako 26 ba, nauyinsa kuma bai cika kilo 1 ba. Kamar yawancin 'yan uwansa bakwaini, ya zo da matsalar wata 'yar gajeriyar jijiyar jini da ke kusa da zuciya. Aikin jijiyar nan, lokacin da ɗa yake cikin mahaifa, shi ne karkatar da jini daga huhu, tunda huhun bai fara aiki ba. In an haihu sai ta rufe da kanta cikin 'yan kwanaki. A jikin bakwaini takan ƙi rufewa, jini ya riƙa malala cikin huhu fiye da kima, zuciya ta wahala. Idan magani bai rufe ta ba, sai a buɗe ƙirji a ɗaure ta.

Haka aka yi wa Jeffrey a wani babban asibitin yara da ke birnin Washinton. Mahaifiyarsa, Jill Lawson, ta bayyana aikin daga baya dalla-dalla: an huda gefen wuyansa biyu, an huda ƙirjinsa, an tsaga daga ƙashin ƙirji aka zagaya har wajen ƙashin baya, aka buɗa haƙarƙari, aka ɗaure jijiyar. Aikin ya ɗauki kimanin awa ɗaya da rabi. Maganin da aka ba shi guda ɗaya ne, Pavulon, wanda aikinsa shanye tsokar jiki. Wanda aka yi wa allurarsa ba ya iya motsa ko da yatsa, ba ya iya kuka, ba ya iya buɗe ido, amma maganin ba ya sa barci, ba ya kuma kashe zafi ko ƙanƙani. Yaron ya rasu bayan mako biyar.

Ba wanda ya gaya wa uwar a lokacin. Sai da ta bi diddigin takardun jinyarsa sannan ta gano. Da ta tuntuɓi likitar da ke kula da sa barci a aikin, amsar da ta samu kashi biyu ce: yaron ya yi rauni da yawa, ba zai jure maganin barci mai ƙarfi ba, sannan kuma ba a taɓa tabbatar da cewa jarirai irinsa suna jin zafi ba.

Abin da ya sa lamarin nan ya cancanci nazari shi ne, likitar ba ta saɓa wa ƙa'idar zamaninta ba. Abin da aka koya mata ta yi, kuma abin da ake yi ke nan a manyan asibitocin Amurka da Turai.

Inda ra'ayin ya samo asali

Ba mugunta ce ta haifi wannan al'ada ba, kuma wanda ya ɗauke ta a matsayin mugunta ba zai fahimci komai a cikinta ba. Ƙafafu uku ta tsaya a kai. Ta farko, tun a ƙarni na 19 masana jijiya irin su Paul Flechsig suka lura cewa jijiyoyin jariri ba su gama samun rigar kitsen da ke lulluɓe su ba, wadda ke sa saƙo ya yi gudu. Sai aka yanke hukuncin cewa saƙon zafi ba ya isa ƙwaƙwalwa. Ta biyu, a 1941 Myrtle McGraw ta wallafa binciken da ta yi na tsira wa jarirai tsinken allura tana duba yadda suke yi. Ta ga sabbin haihuwa wani lokaci ba sa cewa uffan, wani lokaci kuma su zabura da dukkan jiki, sai aka fassara wannan da cewa zabura ce kawai irin ta jijiya, ba jin ciwo ba. Ta uku ita ce mafi ƙarfi: tsoro. A shekarun 1940 da 1950 maganin sa barci yakan kashe jarirai da gaske. Mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, yana danne numfashi, iskar barci tana faɗar da ƙarfin bugun jini, ga shi ba na'urorin sa ido irin na yanzu. Likitocin Libaful a Ingila, ƙarƙashin Jackson Rees, suka fito da hanyar ba da maganin shanye tsoka tare da iskar barci mara ƙarfi, kuma hanyar ta ceci rayuka a zamaninta. Daga nan wasu suka rage iskar, wasu suka cire ta ɗungurungum.

Sai kuma ƙarin maganar da kowa ke yi, likita da wanda ba likita ba: ai ba zai tuna ba.

Duk ƙafafun nan uku suna da lam'a. Jijiyoyin da ke ɗaukar zafi mai raɗaɗi a jikin babban mutum ma da yawansu ba su da rigar kitsen nan, kuma suna aikinsu sarai. Rashin rigar yana rage gudun saƙo ne kawai, jariri kuwa tazarar da ke tsakanin dunduniyarsa da ƙwaƙwalwarsa ba ta da yawa. Daga baya ma aikin Maria Fitzgerald a Landan ya nuna cewa abin da bai nuna ba a jikin jariri shi ne birkin da ƙwaƙwalwa ke aikowa ƙasa don rage zafi. Hanyar shigar zafin a buɗe take, abin tare shi ne bai gama ginuwa ba. Batun tsoron magani kuwa, tun 1981 wasu likitoci biyu a San Faransisko, Robinson da Gregory, suka wallafa cewa sun yi wa bakwaini wannan aikin ɗaure jijiya da fentanil, maganin kashe zafi mai ƙarfi dangin mofin, lami lafiya. Shekara huɗu ke nan kafin a kwantar da Jeffrey a kan tebur.

Ba jarirai kaɗai abin ya shafa ba. A shekarun 1970 wata ma'aikaciyar jinya a jihar Iowa, Joann Eland, ta duba takardun yara 25 da aka yi wa tiyata. Goma sha uku daga cikinsu ba a ba su maganin ciwo ko sau ɗaya ba. Sauran gaba ɗayansu sau 24 aka ba su. Manya 18 masu irin wannan lalura kuwa, sau 671. Wannan ma an buga shi, an karanta, an ajiye.

Gwajin jarirai 16

A daidai lokacin da aka yi wa Jeffrey aiki a Washinton, wani matashin likita ɗan Indiya, Kanwaljeet Anand, wanda aka fi sani da Sunny, yana karatun digirin digirgir a Oksfod tare da Albert Aynsley-Green. Ya lura jarirai suna dawowa daga ɗakin tiyata a galabaice, fata ta yi fari fat, sukarin jini ya hau, bugun zuciya ya rikice. Da ya bi rahotannin da aka wallafa a kan aikin ɗaure jijiyar nan, sai ya tarar wajen kashi uku cikin huɗu na jariran maganin shanye tsoka kawai aka ba su, ko shi da 'yar iskar barci.

Dabarar Anand ita ce ya kauce wa gardamar da ba ta da ƙarshe. Jariri ba zai buɗe baki ya ce yana jin ciwo ba, don haka duk wanda ya ce yana ji, wani zai ce masa ina shaida. Sai ya koma ga abin da ake iya aunawa. Ya gyara hanyoyin gwaji ta yadda ɗan ɗigon jini zai isa a auna sinadaran firgici da jiki ke fitarwa, irin su adirenalin, da sukari, da alamun narkewar tsoka. Ya ɗauki bakwaini 16 da za a yi wa aikin, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Takwas suka sami abin da aka saba bayarwa, takwas aka ƙara musu fentanil. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a farkon 1987. Waɗanda ba a ba fentanil ba, sinadaran firgicinsu sun yi tashin gwauron zabi, jikinsu ya riƙa cin tsokarsa kwanaki bayan aikin, kuma sun fi samun matsalar zagayawar jini bayan tiyata.

A nan ne hujjar ta juye wa masu tsoro. Dalilinsu na hana magani shi ne kada jariri ya mutu. Anand ya nuna musu cewa hanawar ce ke jefa jaririn cikin haɗari. Bai buƙaci su tausaya ba, da harshensu ya yi musu magana.

Abin dariya abin takaici, ladan da ya fara samu shi ne zargi. Wasu 'yan majalisar dokokin Birtaniya suka fito suna cewa an yi gwaji na rashin imani a kan jarirai, an hana takwas maganin ciwo, suka nemi hukumar da ke kula da likitoci ta bincika. Jaridu suka ɗauka. Sai da manyan likitoci suka fito suka bayyana cewa takwas ɗin nan abin da kowane jariri ke samu a ƙasar aka ba su, sauran takwas ɗin ne suka sami sabon abu. Wato abin da ya tayar wa 'yan majalisa hankali a matsayin gwaji, shi ne abin da ake yi kullum a asibitocinsu ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

Ita kuwa Jill Lawson ba ta zauna ba. Ta rubuta wasiƙu zuwa hukumomi da ƙungiyoyin likitoci, yawancinsu suka ba ta amsar da ba ta ƙoshi. A 1986 mujallar Birth ta buga wasiƙarta, a watan Agustan shekarar kuma jaridar Washington Post ta ba da labarin. Iyaye suka fara yi wa likitoci tambayar da ba su saba ji ba: me za ku ba ɗana? A 1987 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa ƙanƙantar jariri ko rashin cikar watanninsa ba dalili ba ne na hana shi maganin barci ko na ciwo. A watan Nuwamban wannan shekara Anand, wanda ya riga ya koma Boston, tare da Paul Hickey, suka tattara duk hujjojin a wata doguwar maƙala a New England Journal of Medicine. A 1992 suka ƙara da wani gwajin a kan jarirai 45 da aka yi wa tiyatar zuciya: cikin 15 da aka ba maganin barci mara nauyi, 4 sun rasu bayan aikin, cikin 30 da aka ba mai nauyi, ba wanda ya rasu.

Ɗakin tiyata ya sauya da sauri. Wani bincike da aka yi a kan likitocin sa barci na yara a Birtaniya, wanda aka buga a 1988, ya nuna mafi yawansu sun yarda jariri na jin zafi, amma kashi 10 cikin 100 ne kawai ke ba da magani mai ƙarfi dangin mofin a babbar tiyata. Da aka maimaita tambayar a 1995, adadin ya kai kashi 91. Shekara bakwai. A duniyar likitanci, inda ake yawan ambaton ƙiyasin cewa sakamakon bincike kan ɗauki shekara 17 kafin ya zama aikin yau da kullum, wannan gudu ne na fanfalaki.

Ni a ganina ba gwajin Oksfod kaɗai ya yi wannan aiki ba, ba kuma kukan uwa kaɗai ba. Hujja ta daɗe a ajiye tun 1981 ba ta motsa kowa ba. Kukan uwa kuma, ba don lambobin Anand ba, da an ce mata Allah Ya ba ki haƙuri, ba ki san aikin ba. Sai da biyun suka haɗu. Ga kuma wani abu: a ɗakin tiyata akwai mutum ɗaya da alhakin ke wuyansa, sunansa na kan takarda, abin da ya bayar a rubuce yake.

Dunduniya

Labarin da ake yawan bayarwa a nan yake tsayawa, an gane kuskure an gyara. Amma jariri mara lafiya ba a ɗakin tiyata yake shan mafi yawan wuyarsa ba, a cikin kwalbarsa yake sha.

Ka tsaya kusa da kwalba ka ga yadda ake ɗibar jini a dunduniya. Nas za ta zura hannu ta tagar kwalbar, ta kama ƙafar da ba ta fi babban yatsanta kauri ba, ta goge da auduga, ta tsira. Jinin ba ya zuwa da kansa, sai ta matsa, ta saki, ta sake matsawa, ɗigo-ɗigo har 'yar kwalbar gwaji ta samu abin da ake so. Matsawar nan takan fi tsirawar ciwo. Goshin yaron zai tattare, idanu su runtse gam, layin da ya taso daga gefen hanci zuwa baki ya zurfafa, yatsun hannu su baje. In akwai bututun numfashi a maƙogwaronsa, baki zai buɗe amma ba sauti. A allon da ke sama bugun zuciya ya hau, iskar jini ta sauka. Minti biyu ko uku an gama, an manna auduga, an rufe taga. Bayan 'yan awoyi a sake, sau da yawa a wannan dunduniyar dai, wadda ta riga ta yi tabo.

Waɗannan alamun fuska ba hasashe ba ne. Tun 1987 Ruth Grunau da Kenneth Craig a Kanada suka tsara yadda ake karanta su, a 1996 kuma Bonnie Stevens da abokan aikinta suka fitar da ma'aunin ciwo na musamman don bakwaini. Maganin ma an san shi, kuma mai arha ne har abin ya ba da kunya. A 1991 Blass da Hoffmeyer suka nuna cewa ɗan ruwan sukari a kan harshe kafin a tsira yana rage kuka sosai. A 2000 wani gwaji a Boston a kan jarirai 30 ya nuna cewa in aka kwantar da yaro tsirara a ƙirjin uwarsa, fata da fata, kukan ɗibar jini yana raguwa da kashi 82 cikin 100. Shayarwa a lokacin tsirawar ita ma haka. Zuwa 2016, bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 74 a kan sukari kaɗai, da jarirai sama da 7,000. Wani gwajin na 2018 ya nuna kashi ɗaya cikin goma na mililita, wato ɗigo biyu, na ruwan sukari mai ƙarfin kashi 24, ya wadatar. Har wasu masana suka fara cewa a daina irin wannan gwajin, don ba adalci ba ne a ci gaba da ware rukunin jarirai ana ba su ruwa zalla alhali an san amsar.

To me ake yi a ɗakunan jarirai? A 2003 aka wallafa ƙidayar da aka yi a Rotadam ta ƙasar Holan: jarirai 151, kowannensu ana yi masa abu mai ciwo kusan sau 14 a rana, kuma waɗanda ake ba wani abin kariya kafin a taɓa su ba su kai kashi 35 cikin 100 ba. A 2008 Ricardo Carbajal ya wallafa ƙidaya mafi girma a mujallar likitanci ta JAMA, daga ɗakunan jinya 13 a yankin Faris. Jarirai 430, ayyuka masu ciwo 42,413 cikin mako biyu na farkon kwanciyarsu, kimanin 10 a rana ga kowane yaro. Kusan kashi 80 cikin 100 an yi su ba tare da wani abin rage zafi da aka tanada don aikin ba. Faransa ke nan, shekara 21 bayan takardar Anand, shekara 17 bayan ta sukari. Ba kuɗi suka rasa ba, ba sukari suka rasa ba.

Bambancin da ke tsakanin wannan da tiyata yana da sauƙin gani. Tsira dunduniya ƙaramin abu ne a idon mai yi, mutum goma ne ke yin sa a rana, ba mai rubuta ko an ba da sukari ko ba a bayar ba. Ana so a ɗiga sukarin minti biyu kafin a tsira, nas kuwa tana da kwalabe da yawa a gabanta. Jinin safe akan ɗiba da asuba don sakamako ya fito kafin zagayen likitoci, lokacin uwa ba ta ɗakin. A wasu asibitocin sai likita ya rubuta sukarin kamar magani, a je kantin magani a karɓo. Kowane ɗaya cikin waɗannan ƙaramin cikas ne, amma in suka taru sun isa su hana. Inda aka sami ci gaba, ba da ƙarin lacca aka samu ba. An ajiye sukarin ne a kan tiren ɗibar jini, an ba nas ikon bayarwa da kanta, an sa gurbin ciwo a takardar da ake cika zafin jiki da bugun zuciya, an haɗa gwaje-gwajen jini a tsira ɗaya, an kuma bar iyaye mata su zauna. A Rotadam da aka sake ƙirgawa bayan shekara takwas, adadin ya sauko zuwa wajen 11 a rana. An rage, amma 11 ba kaɗan ba ne.

Batun ba zai tuna ba kuwa, Anna Taddio ta Toronto ta taɓa shi a 1997. Ta bi yara maza 87 zuwa ranar rigakafinsu na wata huɗu ko shida. Waɗanda aka yi wa kaciya suna jarirai ba tare da maganin kashe zafi ba sun fi nuna jin ciwon allurar, waɗanda ba a yi wa kaciya ba su ne mafi ƙaranci, waɗanda aka shafa wa man kashe zafi kafin kaciyar suna tsakiya. Yaron ba zai ba da labari ba, amma jijiyarsa ta riƙe. A shekarar dai aka buga rahoton wani gwajin kaciya a Edmonton ta Kanada da aka dakatar tun bai ƙare ba, saboda halin da yaran da ba a ba komai ba suka shiga.

Da hujja ta juyo ta ciji masu ita

Akwai wani ɓangare na lamarin da nake ganin ya fi kowanne koyarwa, ko da yake bai da daɗin bayarwa. Bayan 1987, da kunya ta kama likitoci, sai da yawa suka faɗa ɗaya gefen. Duk bakwainin da ke kan na'urar numfashi sai a ɗaura masa mofin yana shiga jini dare da rana. Hankali ya yarda da hakan, tausayi ma ya yarda. Anand da kansa ya jagoranci gwada wannan a kan jarirai 898 a cibiyoyi 16, aka buga a Lancet a 2004. Mofin bai rage mutuwa ba, bai rage zubar jini a ƙwaƙwalwa ba. Ya ƙara faɗuwar ƙarfin jini, yaran sun fi daɗewa a kan na'ura, sun fi jinkirin karɓar abinci. Mutumin da ya buɗe ƙofar shi ya zo ya ce kada a wangale ta haka. A wani gwajin Oksfod da aka buga a 2018, an gwada ba bakwaini mofin ta baki kafin duba idanunsu, aikin da ke da ciwo ƙwarai. Bayan jarirai 31 aka tsayar da gwajin, saboda numfashin waɗanda aka ba maganin ya riƙa ɗaukewa. Ashe tsoron tsofaffin likitocin nan ba duka ne shirme ba. Kuskurensu shi ne sun mai da tsoron hujjar cewa babu ciwon.

Sukarin ma bai tsira ba. A 2010 Rebeccah Slater ta auna wutar ƙwaƙwalwar jarirai a Landan lokacin tsira dunduniya, rabi an ba su sukari, rabi ruwa. Fuskar masu sukari ta fi kwanciya, amma saƙon zafi a ƙwaƙwalwa bai bambanta ba. Gwajin ƙarami ne, jarirai 59, kuma an yi ta ja-in-ja a kansa. Tambayar da ya tayar dai tana nan: sukari yana kashe zafin ne, ko yana lallashi ne kawai? Shawarar da aka tsaya a kai ita ce a ci gaba da bayarwa a ƙananan ayyuka, a haɗa da runguma da tsotso, amma kada a ɗauke shi a matsayin abin da zai wadatar a kaciya ko wani aiki mai tsanani. Ƙungiyar Slater ce kuma a 2015 ta sa jarirai 10 da manya 10 a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka ɗan dungure su a ƙafa. Cikin sassa 20 da suka kunna a ƙwaƙwalwar manya, 18 sun kunna a ta jarirai. A 2020 ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta sabunta ma'anar ciwo da take amfani da ita tun 1979, tare da bayanin cewa rashin iya faɗa ba ya nufin rashin ji.

Masu koyar da aiki da hujja, tun daga David Sackett, suna cewa abu uku ake haɗawa: sakamakon bincike, ƙwarewar likita, da abin da mara lafiya yake so. Na ukun nan a wajen jariri ba shi da baki sai na uwarsa. In aka ce ta jira a waje, an cire kashi ɗaya cikin ukun, an kuma cire maganin da ya fi kowanne arha.

A gidajenmu

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba sai an fassara masa maganar likitar nan ta Washinton ba, ya ji ta da Hausa. Gara a yi masa yanzu tun bai san zafi ba. Da ita ake miƙa jariri ga wanzami ya cire beli ko ya yi tsaga a makon haihuwa, da ita ake huda kunnen 'ya mace, da ita kuma yanzu da yawa ke kai ɗa kaciya tun yana cikin tsumma maimakon jiran sanyin shekara ta shida ko bakwai kamar da. In ya tsala ihu a ce huhunsa ne ke buɗewa. Mu da likitocin Libaful hanya daban muka biyo, muka haɗu a masauki ɗaya.

Inda hujjar nan ta fi kusa da kowace uwa shi ne ranar rigakafi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayarta kan rage zafin allurar rigakafi, kuma ba abin da ke ciki da ke buƙatar kuɗi. Uwa ta rungume ɗanta maimakon a shimfiɗe shi. Ta ba shi nono lokacin allurar ko dab da ita. Mai allura kada ya ja bututun sirinji baya don duba jini, tsawaita ciwo ne kawai. In allurai sun fi ɗaya, mai zafin ta zo ƙarshe. Inda ake ɗiga rigakafin gudawa na rota a baki, wanda Najeriya ta shigar cikin jadawalinta a 2022, a fara da shi, don yana da zaƙi. Sai dai ruwan sukari yana da nasa tarnaƙi a wajenmu. An shafe shekaru ana fama da mutane kan nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba yaro, don haka ma'aikaciyar da ta ce a ɗiga sukari tana tsoron kada a koma gida a riƙa dama masa a kofi. Tsoronta yana kan hanya, nonon kuma ya riga ya ɗauke mata wannan nauyi. Zuma kuwa kada a kusance ta kafin yaro ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Na sha tsayawa a irin wannan layi. Mata a jere kan benci da katin rigakafi a hannu, rana ta fara zafi, ma'aikaciya ɗaya ga akwatin sanyi a gefenta, tana kira tana cikawa tana tsirawa. Uwa za ta kwance goyo, ta ɗora yaron a cinya, ta janye masa wando, ta kau da kai don ba ta son gani. Allura a cinyar dama, allura a ta hagu. Yaron ya ɗauke numfashi na ɗan lokaci, fuska ta yi jawur, sannan ihun ya fito. Ma'aikaciyar ta ce, "Maman yaro, yi haƙuri, ba shi nono ya yi shiru. Ta gaba!" Uwar ta matsa ƙarshen benci, ta ja mayafi ta rufe, ta sa masa nono, cikin minti ɗaya kukan ya koma ajiyar zuciya. Ta bayanta ta riga ta kwance nata goyon.